Ƙirƙirarriyar basira da gonakin Damagaram: abin da take gani daga sama da abin da yake ɓace mata

A tsakiyar shekarun 2000 masu bincike, cikinsu har da Chris Reij da Gray Tappan da Larwanou Mahamane, suka kwatanta hotunan jirgin sama na 1975 da hotunan tauraron ɗan'adam na 2005, suka tarar da abin da manoman Magarya da Matamaye da Mirya suka daɗe da sani: itatuwa sun ƙaru a gonaki, gawo ya koma inda aka yi zaton ya tafi ke nan bayan farin shekarun 1970 da 1980. Ƙiyasin da ya fito daga wannan aiki shi ne hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ba dashe aka yi ba. Sassaben zamani ne, manomi ya bar toho biyu ko uku a kan kututture, ya datse sauran, ya kare su daga gatari da bakin awaki.

Abin lura shi ne yadda aka sami wannan adadi. An zaɓi wasu wurare, an ƙirga itatuwansu da ido a kan hoto, sannan aka ƙiyasta sauran ƙasar da su. Kusan shekara 20 ana wannan gagarumin aiki a gona, rahotannin duniya suna ta cewa hamada tana cinye Sahel, saboda babu mai iya ƙirga itace ɗaya bayan ɗaya a faɗin ƙasa irin wannan. A nan ne ƙirƙirarriyar basira, wadda ake taƙaitawa da AI, ta shigo harkar muhalli da ƙarfinta. Gwanintarta ita ce dubawa da ƙirgawa da hasashe a kan bayanai masu yawan da ya fi ƙarfin idon mutum. Ingancin abin da take fitarwa kuwa yana rataye ne da awon da mutane suka yi a ƙasa, kuma a nan ne yankinmu yake da rauni.

Yadda ake koya wa na'ura ƙirga itace

Matakin farko shi ne hoto, kuma girman ɗigon hoton shi ke yanke abin da za a iya gani. Taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai suna bi ta kan Damagaram kowane kwana 5, hotonsu kyauta ne, amma kowane ɗigo ɗaya mita 10 ne a kan mita 10, wato murabba'in mita 100. Gawon da faɗin inuwarsa ya kai mita 8 yana rufe murabba'in mita 50 ne kawai, rabin ɗigo. Da irin wannan hoto ana iya cewa wuri ya yi kore ko bai yi ba, ba a iya cewa itace nawa ne a ciki. Ƙirga itace yana buƙatar hoton da ɗigonsa santimita 50 ne, inda wannan gawon zai cika ɗigo 200, siffarsa da inuwarsa su fito. Irin waɗannan hotuna na kamfanoni ne, sayen su ake yi.

Na biyu, lokacin ɗaukar hoton. A damana ciyawa da hatsi da itace duk kore ne, ga gajimare. Saboda haka ake zaɓar hotunan bayan kaka, lokacin da ciyawa ta bushe, itace ya rage shi kaɗai da ganye a kan farin rairayi. Gawo yana taimakawa a nan, domin shi a damana yake zubar da ganye, ya yi kore shar da rani. Kuka kuma akasin haka take yi, da rani rassa ne zalla, sai dai a gane ta da inuwarta. Duk watan da aka zaɓa, akwai itacen da aka fifita da wanda aka zalunta.

Na uku shi ne aikin da ya fi cin rai: mutum ya zauna gaban kwamfuta ya zagaye kan kowane itace da hannu, yana nuna wa na'urar cewa wannan itace ne, wancan ba itace ba ne. A binciken da Martin Brandt na Jami'ar Kopenhagen da abokan aikinsa na hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, suka wallafa a 2020, an zagaye itatuwa kusan 90,000 da hannu kafin na'urar ta iya ci gaba da kanta. Daga nan ta ƙirga itatuwa biliyan 1.8 a faɗin murabba'in kilomita miliyan 1.3 na yammacin Sahara da Sahel, yankin da taswirori suke nunawa kusan fayau. A 2023 aka faɗaɗa aikin daga Tekun Atilantika zuwa Bahar Maliya, har da Nijar, da hotuna sama da 300,000, aka sami itatuwa biliyan 9.9.

Koyon kansa ba sihiri ba ne. Ana ba na'urar hoto, ta yi hasashen inda itace yake, a kwatanta da zanen mutum, a gyara lissafin cikinta kaɗan, a sake, sau dubbai. Wani kaso na hotunan ana ɓoye shi don jarrabawa. Kuskuren da ƙananan ayyuka suka fi yi shi ne su ɗebo hotunan koyo da na jarrabawa daga gari ɗaya. Sakamakon zai yi kyau ƙwarai a takarda, sai an kai na'urar wata ƙasa dabam ta fara kame-kame. Wadda ta koya a jigawar Tanut, inda kandili da aduwa suke tsaye ɗai-ɗai a kan farin yashi, ba za ta iya da fadamar Korama ba, inda mangwaro da goriba da rake suka cakuɗe a kan baƙar ƙasa. Daidai shi ne a koya da wasu gundumomi, a jarraba da wasu.

Kurakuran da take yi a gonakinmu sanannu ne, kuma kowanne yana da dalili. Binciken 2020 bai ƙirga itacen da kansa bai kai murabba'in mita 3 ba, wato faɗin kusan mita 2. Ke nan tohon kalgo ko sabara da manomi ya fara renonsa bana ba zai fito ba sai bayan wasu shekaru, alhali shi ne ainihin shaidar cewa ana sassaben zamani. Itatuwa uku da kawunansu suka haɗe sukan zama ɗaya. Rumbu mai jinka yana da zagayayyen kai da inuwa, haka ma tarin kara da manyan duwatsun da ke kewayen unguwar Birni ta Damagaram, kowannensu yana iya shiga lissafi a matsayin itace. Gawon da makiyaya suka sassare wa rassa don dabbobi yana da ƙaton gindi da ƙaramin kai, sai na'urar ta ɗauke shi matashi. Hazo yana dusashe hoto. Sannan kore ba shi ne amfani ba: filin da tumfafiya ta mamaye yana iya fitowa a taswira a matsayin wurin da ya farfaɗo, makiyayi kuwa ya san babu abin da saniya za ta ci a wurin.

Maganin duk wannan shi ne a taka ƙasa. Ana yanka filayen gwaji, misali mita 50 a kan 50, rubu'in hekta, a warwatsa su bisa ƙuri'a, kada a tsaya a bakin titi ko a gonar mai gari don sauƙin zuwa. A kowane fili a rubuta sunan itace, a auna kewayen gindinsa a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, a auna faɗin kansa ta gabas da yamma da ta kudu da arewa, a ƙirga tohon da bai kai a gan shi daga sama ba. Wayar hannu takan kauce wa ainihin wuri da mita 3 zuwa 5, don haka a ɗaure kusurwar fili da wani abu da yake fitowa a hoto, kamar rijiya ko mahaɗar hanya. Kuma kada a yarda da jimla kaɗai. A ce fili yana da itace 100, na'ura ta ce 90. Kamar ta yi ƙoƙari. Amma idan 80 ne na gaskiya a cikin 90 ɗin, to ta tsallake 20 ta ƙago 10, kurakurai biyu sun rufa wa juna asiri. Duk rahoton da bai raba waɗannan lambobi biyu ba, a karɓe shi da hannu ɗaya.

Ruwan sama

Ga manomi, babu tambayar da ta kai wannan: in shuka yanzu ko in jira? Ma'aunin da M.V.K. Sivakumar ya tsara a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore a 1988 yana cewa damana ta sauka idan, daga 1 ga Mayu, aka sami milimita 20 cikin kwana 3 a jere, kuma ba a yi fiye da kwana 7 babu ruwa ba a cikin kwana 30 da suka biyo baya. Rabin farko ana auna shi da ma'aunin ruwa. Rabin na biyu gaibu ne a ranar shuka, kuma shi ke sa a yi asarar iri a sake shuka sau biyu ko uku a wurin da ruwan shekara yake kai-komo a wajen milimita 400.

An sami ci gaba na gaske a nan. GraphCast, tsarin AI na hasashen yanayi wanda Google DeepMind ya fitar a 2023, yana ba da hasashen kwana 10 na duniya baki ɗaya cikin ƙasa da minti ɗaya, aikin da yake cin sa'o'i a manyan kwamfutocin hasashe na da. Cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ECMWF, ta fara aiki da nata tsarin mai suna AIFS a Fabrairun 2025. A 2025 ɗin kuma gwamnatin Indiya ta aika wa manoma kusan miliyan 38 saƙon waya kan lokacin saukar damana, bisa hasashen irin waɗannan tsare-tsare. Sauƙin kuɗinsu yana nufin cibiyoyin yanayi irin su AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai, da hukumar yanayi ta ƙasa, suna iya tafiyar da hasashen da a baya sai ƙasashe masu arziki.

Sai dai akwai matsaloli uku da mai amfani da hasashen ya kamata ya riƙe. GraphCast yana yanka duniya gida-gida ne, kowane gida kusan kilomita 28. Ruwanmu kuwa hadari ne da yake tasowa daga gabas, ya zuba a wannan gari ya tsallake na gaba da shi da kilomita 5. Lamba ɗaya da aka ba gida ɗaya matsakaici ce, ba ta kowace gona ba. Ta biyu, an koyar da waɗannan tsare-tsare ne da tarihin yanayi na kusan shekara 40 mai suna ERA5, wanda yake cike giɓi da lissafi a wuraren da babu tashoshin awo, kuma Afirka ce nahiyar da ta fi ƙarancin tashoshi. Ta uku ta fi ɓoyuwa: tsarin da aka horar don rage matsakaicin kuskure yakan guje wa faɗin abu mai tsanani. Maimakon ya ce milimita 60 a nan, babu komai a can, sai ya shafa 15 a ko'ina. Ga mai shuka, wannan shi ne mafi munin amsa, domin 15 ba ta isa shuka ba, 60 kuwa tana iya tafiya da iri.

Gyaran yana hannunmu fiye da yadda ake zato. Ma'aunin ruwa na roba ba shi da tsada. A kafa shi a fili, nesa da itace ko gini da aƙalla ninki biyu na tsayinsu, bakinsa a daidaice, a karanta kowace safiya a sa'a ɗaya, a zubar. Milimita 1 lita 1 ce a kan murabba'in mita. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifili, kada a bar gurbin fanko, domin na'ura ba ta bambanta "ba a yi ruwa ba" da "mai karatu ya tafi kasuwa". Bayanan garuruwa masu yawa na shekaru a jere su ne ake gyara hasashen duniya da su ya dace da gunduma. Haka kuma yadda ake isar da saƙo a rediyo yana da nauyi. Idan hasashe ya ce kashi 60 cikin 100, mai fassara ya ce "za a yi ruwa", to sau 4 cikin 10 ya yi ƙarya, kuma manomin da ya yi asarar iri sau ɗaya ba zai sake saurare ba.

Batun ambaliya ma haka yake. A damanar 2024 sama da mutum 300 suka rasu a Nijar, fiye da miliyan ɗaya abin ya shafa, kuma a farkon Satumba tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Tsarin Flood Hub na Google yana gargaɗi har kwana 7 kafin ruwa ya iso, amma an gina shi ne a kan tashin koguna, abin da ya dace da Yamai da Gaya. Damagaram ba ta da kogi. Tata ambaliyar ruwa ne da yake sauka kan dutse ya rasa wurin nitsewa, ya bi kwari da lunguna ya cika tafkuna cikin sa'o'i kaɗan. Abin da zai fi amfani shi ne taswirar tudu da gangare ta gari mai kyau, wadda jirgi marar matuƙi zai iya ɗaukowa, a gano inda ruwa yake taruwa da gidajen da aka gina a kan hanyarsa. Bayan haka sauran aikin na shebur ne da yashe magudana.

Sauran fannoni ana iya bi ta kansu da sauri. Ga farar dango, ana haɗa damshin ƙasa da koren ciyawa da tauraro ya auna don nuna wa ma'aikatan yaƙi da fara inda ya fi dacewa su duba a Tamesna da Ayar da Termit, maimakon su yi ta yawo da mota a hamada. Ga gobarar daji a makiyayar Tanut da Gure da Tesker, tsarin FIRMS na NASA yana nuna wuta cikin 'yan sa'o'i da ɗigon mita 375, wanda ya yi jinkiri ga wutar da iska take kora, amma tarihin wuraren da suka saba ƙonewa yana nuna inda ya kamata a share hanyoyin tare wuta tun kaka. A filayen da aka yi ramukan tara ruwa masu siffar rabin wata, 313 a hekta bisa ƙa'idar da aka saba, hotunan kafin aiki da na bayansa suna tona asirin wurin da aka karɓi kuɗi ba a haƙa ba.

Ita ma tana da nata ɓarnar

Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta cewa cibiyoyin ajiyar bayanai sun sha lantarki terawat-awa 415 (kowane ɗaya kilowat-awa biliyan 1 ne) a 2024, kusan kashi 1.5 cikin 100 na duniya, kuma tana hasashen 945 nan da 2030. Nijar gaba ɗaya ba ta shan terawat-awa 3 a shekara. Google da kansa ya bayyana cewa hayaƙin da yake fitarwa ya ƙaru da kashi 48 cikin 100 tsakanin 2019 da 2023. Ga ruwan sanyaya injuna, ga sharar kayan lantarki da ta kai tan miliyan 62 a 2022, wadda bai kai rubu'inta ba aka sake sarrafawa yadda ya kamata.

Amma a raba hatsi da tsakuwa. Abin da yake kumbura wannan lissafi shi ne manyan manhajojin hira da na ƙera hotuna da bidiyo. Tsarin hasashen yanayi da ya gama koyo yana cin wuta kaɗan ainun idan aka kwatanta da wanda ya gada, kuma manhajar gane cutar shuka tana iya aiki a cikin waya babu intanet. Wanda yake son ƙirga itatuwan gunduma ɗaya ba ya buƙatar katafariyar cibiya, kwamfuta ɗaya mai ƙarfi ta isa. Abin da yake kashe irin wannan aiki a nan ya fi zama ƙura da zafi: faifan hasken rana da ba a gogewa yana rage wuta, batir yana saurin mutuwa a ɗakin da ya haura digiri 40, sannan a jefar da shi a bola da dalmarsa, kusa da inda yara suke wasa.

Wa zai riƙe ƙidayar?

Dalilin da ya sa kamfanoni suke zuba kuɗi a ƙirga itatuwan Sahel ba ɓoyayye ba ne: kasuwar kabon, inda mai fitar da hayaƙi yake biyan wanda itacensa ya zuƙe shi. Yana da kyau a yi lissafin kafin a sa rai. Binciken 2023 ya sami tan miliyan 840 na kabon a itatuwa biliyan 9.9, wato matsakaicin kilo 85 a kowane itace. Gona mai itace 40 a hekta tana riƙe da tan 3.4 ke nan, wanda idan aka ninka da 3.67 ya zama kusan tan 12.5 na iskar carbon dioxide, wadda ake ciniki a kanta. Kuma ba a biyan abin da yake tsaye tun da, ƙarin da aka samu bayan shekarar da aka ɗauka mafari ake biya. Manomin Matamaye da ya yi shekara 30 yana renon gawo yana iya samun ƙasa da wanda ya share gonarsa fayau ya fara bana. Ganyen dabbobi da itacen girki da ƙarin amfanin hatsin da ke ƙarƙashin gawo sun fi wannan kuɗi tabbas a hannunsa.

Sassaben zamani ya bazu ne lokacin da manoma suka fara jin cewa itacen gonarsu nasu ne, ba na ma'aikatan gandun daji ba, kuma a 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar musu da wannan haƙƙi. Taswirar da ta san kowane itace a kowace gona tana iya ƙarfafa wannan haƙƙi, tana kuma iya zama sabon mai gadi daga sama, ya danganta da wanda take hannunsa. Saboda haka duk ƙungiyar manoma ko majalisar gari da aka kawo wa irin wannan yarjejeniya ta nemi amsa a rubuce: wace shekara ce mafari, da wane hoto aka auna ta, filayen gwaji nawa aka taka a gundumar, kuma itace nawa na'urar ta tsallake a cikinsu. Ta tambayi hukuncin wanda ya sare itace ɗaya don azara ko ya datse rassa a shekarar fari, da matsayin mai aron gona da matar da take noma gayauna, tunda hoto ba ya nuna mai gona. Ta kuma sa sharaɗin cewa kwafin taswirar da awon da aka yi a ƙasa zai zauna a ofishin hukumar filaye ta gunduma da Jami'ar André Salifou ta Damagaram, a sigar da ɗalibi zai iya buɗewa ya sake lissafin da kansa.